ABU ko BUK: Ina Zan Karanta Kimiyyar Kwamfuta?

Tambaya: "Malam, na ci maki 250 da 'yan kai a jarrabawar JAMB, sakamakona na WAEC kuma ya yi kyau a lissafi da fiziks. Kimiyyar kwamfuta nake so in karanta. Ni ɗan Malumfashi ne. Babana ya fi son ABU Zariya don can ya yi karatu. Kawuna kuma da ke zaune a Hotoro cikin Kano ya ce in zo BUK in zauna a gidansa, ba kuɗin haya, ba na abinci. BUK na sa a zaɓin farko, amma har yanzu ana iya canzawa. Ba ni da kwamfuta tukuna, kuma kuɗin gidanmu a ƙididdige yake. Wacce ta fi?"

Amsa:

Ƙanena, barka da wannan maki, Allah ya sanya albarka. Na koyar da rubuta manhaja na wasu shekaru kafin in koma aikin kamfani, inda yanzu nake cikin masu zama su tantance sababbin ma'aikata. Na ga ɗalibi a aji, na kuma gan shi ranar da ya zo neman aiki da kwalinsa a hannu. Da wannan idon zan amsa maka.

In ka tara tsofaffin ɗaliban Zariya da na Kano ka jefa musu tambayarka, nemi tabarma ka zauna, sai an kira sallah za su tashi. Na Zariya zai ce tasu ce uwa, kuma bai yi ƙarya ba. An buɗe ABU a 1962, BUK kuwa a ƙarƙashinta ta tashi da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Na Kano zai ce ai 'yar ta girma ta yi gidanta, har ana zuwa cin tuwo. Hira ce mai daɗi, amma ba ta koya wa kowa rubuta layi ɗaya na Python, harshen rubuta manhaja.

A cikin aji, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Dukkansu na gwamnatin tarayya ne, kuma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ce ke yanka musu abin da za su koyar. A watan Disambar 2022 hukumar ta fito da sabon tsarin darussa mai suna CCMAS, wanda a cikinsa kashi 70 cikin 100 daga gare ta yake zuwa, jami'a kuma ta cike sauran 30 da abin da ta ga ya dace da ita. Ko Samaru ka je inda ABU take, ko titin Gwarzo inda BUK take, aji ɗaya lissafi ne da fiziks da darussan bai-ɗaya. Aji biyu ka shiga rubuta manhaja gadan-gadan, da lissafin diskirit, da yadda ake haɗa ƙwaƙwalwar na'ura daga sifiri da ɗaya. Aji uku ka haɗu da algoridim, wato matakan warware matsala, da tsare-tsaren jera bayanai da rumbun bayanai da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sannan ka fita SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, na wata shida. Aji huɗu aikin kammala digiri. Duk kanwar ja ce.

Yajin aiki ma bai raba su ba. Da ASUU ta tafi yajin kusan wata tara a 2020, da na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, ƙofofin biyun tare aka rufe su. Wanda ya ce maka ka gudu daga ɗaya zuwa ɗaya don tsira daga yajin aiki, gudun gara ya sa ka, gidan zago za ka faɗa.

Inda suka fara bambanta shi ne yadda fannin ya tsiro a kowacce. A Zariya kimiyyar kwamfuta ta daɗe a cikin sashen lissafi kafin ta tsaya da ƙafafunta, kuma cibiyar kwamfuta ta jami'ar sunan Farfesa Iya Abubakar take ɗauke da shi, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Gidan da aka gina a kan lissafi, ƙamshin lissafi ba ya barin sa da wuri. A Kano kuma tsangaya guda aka ware wa fannin, da sassa daban-daban a ƙarƙashinta: kimiyyar kwamfuta, fasahar sadarwa, injiniyancin manhaja, ga kuma digirin tsaron intanet. Wannan yana da amfani gare ka ta wata fuska da ɗalibai ba su cika lura da ita ba. Kimiyyar kwamfuta na cikin kwasa-kwasan da ake turereniya a kansu, kuma a kowace jami'a in guraben sashe sun cika, mai maki mai kyau akan tura shi kwas na kusa. Inda tsangaya ke da 'yan'uwan kwas ɗin da yawa, akwai yiwuwar ka faɗa kusa da gida. Inda babu, kana iya tsintar kanka a lissafi ko kimiyyar ƙididdiga.

Ko da hakan ta faru kada ka ɗora hannu a ka. Cikin gwanayen da na yi aiki da su akwai masu digirin lissafi zalla, kuma a fannin ƙirƙirarriyar basira su ake nema ruwa a jallo. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne injiniyancin kwamfuta, don yara da yawa suna ɗauka shi da kimiyyar kwamfuta Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wancan shekara biyar ne, a tsangayar injiniya yake, rabinsa lantarki ne da kewayen wuta. Mai son rubuta manhaja da ya shiga can bisa kuskure yakan yi shekara biyu yana tambayar kansa yaushe za a zo wurin.

Batun samun gurbin shi kansa, ka riƙe abu uku. Jami'o'i irin waɗannan da wanda ya sa su a zaɓin farko suke yi, saboda haka maganar "in wannan ba ta yi ba sai waccan" ba ta taso ba, ɗaya za ka kama. Na biyu, tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka lasafta a baya wajen ilimin boko, kuma Katsina na cikin wannan rukuni na ƙarshe. Makinka yana da kyau, amma makin JAMB kaɗai ba ya yanke hukunci, ana haɗa shi da na tantancewar jami'a, kuma makin da sashe ke tsayawa a kai yana motsi duk shekara. Ka nemi ɗalibai biyu ko uku da suka shiga sashen bara a kowace jami'a ka tambaye su da nawa suka shiga. Na uku, gurbin da bai fito a shafinka na CAPS, inda JAMB ke tabbatar da gurabe, ba, ba gurbi ba ne. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu yana da hanya, ka gaishe shi ka wuce. Na san yaron da ya yi shekara huɗu cur a wata makaranta, ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa aka duba ba ya cikin kundin JAMB. Wahalar da ya sha kafin a gyara, ba na yi wa maƙiyi fatanta.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, don nan ne ainihin zaɓinka yake, kuma kai a tambayarka a layi ɗaya ka wuce shi: gidan Kawu.

Rubuta manhaja sana'ar hannu ce, kamar ɗinki ko ƙira. Lakca tana nuna maka inda allura take, amma sai ka zauna a kan keke awa bayan awa kafin ɗinkinka ya miƙe. A wannan fanni zaman yana nufin kai da kwamfuta da wuta da shiru, awa biyu ko uku kowace rana, kana rubutawa tana ƙin aiki, kana neman inda ka manta waƙafi ɗaya har ƙarfe ɗayan dare. Duk jami'ar da za ta ba ka wannan zaman ita ce ta fi, a gare ka.

To dubi taswirar Kano. Hotoro tana gabas, sabon mazaunin BUK yana yamma, a kan titin Gwarzo bayan Rijiyar Zaki. Garin gaba ɗaya ne a tsakani. Lakcar ƙarfe takwas tana nufin ka fito da sanyin safiya, ka hau a-daidaita-sahu ka sauka ka sake hawa wata, ka ci cunkoson Kabuga, ka isa da ƙura a gira. Da yamma ka maimaita. In muka ce awa uku ke tafiya a hanya kullum, kwana biyar a mako, mako talatin a shekarar karatu, awa 450 ke nan. Da awa 450 yaro mai himma yana koyon harshen manhaja guda ya gina abin nunawa da shi. Kuɗin mota kuma in ka tara shi na shekara, ka ajiye shi kusa da kuɗin gado a hostal, za ka yi mamakin wanda ya fi nauyi.

Sannan gidan kawu gida ne, ba ɗakin karatu ba. Ka dawo bayan magariba a gajiye, ka ci tuwo, ka buɗe kwamfuta, sai ka ji an ce gas ya ƙare, ɗan je ka ɗuro. Ka dawo, ƙannenka sun kewaye ta suna son wasan mota. Soket ɗaya ne a ɗakin samari, wayoyi biyar na layi a kansa. In Kawu yana da shago a Kwari ko Singa, Asabar ɗinka ta tafi, kuma ba ka da bakin cewa a'a, don wanda ke ci da kai ba ka ce masa kana da aikin makaranta sau uku a jere. Ba laifin kowa ba ne, haka zaman gida yake, kuma zumunci ne da za ka ci moriyarsa har tsufa. Amma ka san cewa masaukin kyauta da lokaci ake biyan sa.

Samaru akasin haka take. Gari ne da ya girma tare da jami'a, ɗalibi yana tashi daga hostal ɗin Suleiman ko Danfodiyo ya taka da ƙafa zuwa aji, ya wuce ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da dare ya koma aji ya yi karatu har ya gaji. Babu mai aikensa. Abokin ɗakinsa wataƙila daga Ilori yake ko Makurɗi ko Maiduguri, kuma wannan cakuɗuwar ita kanta makaranta ce, musamman ga yaron da bai taɓa barin gida ba, ga shi kuma fannin da ya zaɓa da Turanci ake cin abinci a cikinsa. Sai dai gado a hostal ba tabbas ba ne a kowace babbar jami'a, masu nema sun fi gadajen yawa. In bai samu ba sai haya a cikin Samaru ko Hayin Dogo, ga abinci, ga ruwa, ga komai daga aljihun Baba. A Kano ma akwai irin wannan zaman, a hostal ko a Ɗanbare da Rimin Gata da ke bakin makarantar. Ashe ba Kano da Zariya kake aunawa ba, zaman gida da zaman makaranta kake aunawa.

Wuta kuwa, kada ka yarda da labari. BUK tana da tashar lantarki mai amfani da hasken rana da aka ƙaddamar a 2019, mai ƙarfin megawat 7.1, amma abin da ya dame ka shi ne ko soket ɗin da ke kusa da gadonka yana kawo wuta ƙarfe goman dare. Wannan sai ɗalibin da ke kwana a wurin zai gaya maka, a Kano ko a Zariya.

Akwai abin da Kano ke da shi wanda Zariya ba za ta iya ba ka kamarsa ba, wato kasuwa. Kowane shago a Kwari, kowane sito a Dawanau, kowane kantin magani da makarantar kuɗi, matsala ce da ke jiran mai rubuta manhaja: lissafin kaya, bin bashi, fitar da sakamakon ɗalibai. Ɗalibin aji uku da ya rubuta wa mai sayar da atamfa 'yar manhajar da ke nuna masa turmi nawa ya rage da wanda ake bi bashi, ya koyi abin da lakca goma ba ta koyarwa, don mai shago ba ya ba da maki, ko ta yi aiki ko ya kira ka da asuba. Ga kasuwar wayoyi ta Farm Centre in kwamfutarka ta samu matsala, ga CITAD da cibiyoyin matasa masu fasaha irin su Startup Kano da Blue Sapphire, inda ake tarurruka da horaswa. Ɗan Zariya yakan gangara Kaduna, tafiyar kilomita kamar 80, inda cibiyar matasa masu fasaha ta CoLab take, ko ya hau jirgin ƙasa a Rigasa ya tafi Abuja lokacin SIWES.

Kasuwar nan kuma tana da ƙaya. Na ga ɗalibai masu kai da suka fara gyaran waya ko buga takardu don samun na kashewa, kuɗi ya fara shigowa, lakca ta fara zama nauyi, kafin su farga kari-oba ta taru. Wanda ya ɗanɗana dubu biyar a rana yana aji biyu, da wuya ka zaunar da shi ya fahimci dalilin da ya sa wata hanyar jera lambobi ta fi wata sauri.

Bari in ba ka labarin wata rana a ɗakin tantancewa. Matasa biyu, daga jami'o'in da ba zan ambata ba. Na farko digiri mai daraja ta ɗaya, takardunsa a jere cikin fayil mai kyau. Muka miƙa masa kwamfuta muka ce ga jerin lambobi, rubuta abin da zai fito mana da mafi girma a cikinsu, da duk harshen da ka ga dama. Ya yi minti ashirin, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. A ƙarshe ya ce in za mu ba shi takarda da biro zai rubuta mana ma'anar algoridim da ire-irensa. Na tabbata da ya rubuta daidai, harafi da harafi. Shekara huɗu yana haddace manhaja daga handawut yana zubawa a takardar jarrabawa, bai taɓa ganin ta gudana ba. Na biyu digirinsa mai daraja ta biyu ne, ƙaramar ma. Ya ciro wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif, ya nuna mana abin da ya rubuta wa kantin maganin yayarsa, mai faɗakarwa in magani ya kusa lalacewa. Rubutun a hargitse yake, amma da muka tambaye shi me zai faru in mutum biyu suka sayar da kwalin ƙarshe a lokaci guda, sai ya yi dariya ya ce ai ta taɓa faruwa, ga yadda ya toshe. Shi muka ɗauka. Ba wanda ya tambayi ɗayansu sunan jami'arsa sai wajen cike fom.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin lasisin wasa da maki. A ma'aunin 5.00, daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Tallafin karatun digiri na biyu irin na hukumomin gwamnati PTDF da NITDA, da yawancin jami'o'in waje, daga babbar daraja ta biyu suke fara kallon mutum. Kuma makin aji ɗaya shi ne tubali, wanda ya zube a nan yakan ƙare shekara uku yana cike rami. Abin da kake nema shi ne ka fito da biyun, makin da hannun. Yaron farko da ya samu wanda ya zaunar da shi gaban na'ura tun yana aji biyu, da ba mu isa mu biya shi ba.

Wannan ya kawo mu kan malamai da abokai. Sashe ba gini ba ne, mutum huɗu ko biyar ne da ke koyarwa da zuciya ɗaya, sai ayarin ɗalibai da ke zaburar da juna. Ta wannan fuska duka biyun suna da abin nunawa. Ƙungiyar HausaNLP, masu aikin koya wa kwamfuta fahimtar Hausa, cikin jagororinta akwai Shamsuddeen Hassan Muhammad da Ibrahim Sa'id Ahmad daga ɓangaren BUK, da Idris Abdulmumin daga ɓangaren ABU, kuma tare suka yi aikin NaijaSenti da ya fito a 2022, wanda ya tattara saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka don koya wa na'ura gane yabo da suka. Ka ga su can sama ba gardamar wacce ta fi suke yi ba. Ɗaliban ABU kuma sun sha kaiwa matakin duniya a gasar fasaha ta Huawei. Ka buɗe Google Scholar, shafin neman binciken masana, ka rubuta sunayen malaman kowane sashe, ka ga wa ya wallafa wani abu cikin shekara uku da suka wuce, kuma a kan me. Rabin awa zai ɗauke ka. In kuma sunan makaranta ne ke ɗaga mutum shi kaɗai, ka tuna Isa Ali Pantami da ya riƙe ma'aikatar sadarwa da Kashifu Inuwa da ya gaje shi a NITDA, dukkansu a jami'ar ATBU ta Bauchi suka karanta kwamfuta.

Sauran sai ka taka da ƙafarka, gani ya kori ji. Kai ma Allah ya hutar da kai: motar da ta taso daga Malumfashi ta bi ta Dayi da Gwarzo, a bakin ƙofar sabon mazaunin BUK take wucewa kafin ta shiga gari. Zariya kuma ta Funtuwa, ba nisa. Ka je ranar Talata ko Laraba lokacin da ake karatu, kada ka nemi ofishin kowa, ka nemi 'yan aji uku a gindin bishiya. Tambaye su: jarrabawar rubuta manhaja a kan kwamfuta ake yi ko a takarda? In an shiga ɗakin kwamfutoci mutum nawa ke kan na'ura ɗaya? Sakamako yana fitowa kafin a shiga wani zangon? Wane malami ne in ka kai masa abin da ka rubuta zai buɗe ya duba? Akwai ƙungiyar ɗalibai da ke haɗuwa ranar Asabar su rubuta manhaja, ko sai lokacin zaɓe ake jin ɗuriyarta? Ina 'yan ajin da ke gabansu suka yi SIWES, kuma aiki suka yi ko sayen abincin oga? Ka kuma tabbatar kwas ɗin yana da cikakkiyar amincewar NUC a lokacin da za ka shiga, don ana sabunta ta ne lokaci-lokaci. Ɗalibai ba sa ɓoye irin wannan, har abin da ba ka tambaya ba za ka ji.

Maganar kwamfuta kuwa ba ta jira. Karanta wannan fanni ba na'ura kamar koyon tuƙi ne a kan benci. Ba sai sabuwa ba: ta hannu mai Core i5, da RAM gigabayit 8, da ma'ajiyar SSD, ta ishe ka har ka gama. Batiri ya fi kyan jiki muhimmanci, ka sa a cire caja a gabanka ka ga awa nawa take yi, ka tafi da wanda ya san kan abin. Don rage wa Baba nauyi, ka duba bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a ya kuma ba ɗalibi Naira 20,000 a wata, ba ruwa a kansa, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, a zauna a gida a yi shawara kafin a sa hannu.

Ka ce wacce ta fi, ba zan bar ka a rataye ba. Da ni ne kai, da wannan aljihun da wannan kawun, zan bar BUK a zaɓin farko. Shekarar farko in zauna a Hotoro in haƙura da hanya, tunda darussan aji ɗaya ba su cika buƙatar zaman dare a kan na'ura ba, kuɗin da aka tsira da shi na haya da abinci a sayi kwamfuta tun zangon farko. Daga aji biyu in koma hostal ko in haɗa kuɗi da abokai mu kama ɗaki a Ɗanbare, gidan Kawu ya zama na Juma'a da ɗebo garin tuwo. Amma wannan magana tun yanzu za a yi ta, Baba ne zai yi ta da Kawu, ba kai ba, don kada ranar da ka ɗauki jakarka a ce ka raina masauki.

Abu biyu za su sa in juya in ce Zariya. In Baba zai iya ɗaukar kwamfuta da masauki da abinci a tare ba tare da an sayar da abin da za a yi kuka da shi ba, kuma kai mai jin daɗin lissafi ne har kana hango kanka a bincike da koyarwa, to zaman Samaru zai yi maka kyau ƙwarai. Haka kuma in ka san a ranka Kawu yaron shago yake nema, ko kuma kai ne ba ka iya ce wa abokai a'a a gari mai hidima irin Kano.

Shi kuwa Baba, kada ka je masa da "an ce BUK ta fi", don ba ta fi ba, kuma tsohon ɗalibin Zariya ba ya jin wannan da kunnen basira. Ka je masa da takarda: ga abin da shekara za ta ci a nan, ga na can, ga kuɗin kwamfuta, ga abin da 'yan aji uku suka gaya mini a wuri biyun. In da hali ma ku je Samaru tare, ya nuna maka ɗakin da ya zauna, kai kuma ka shiga sashen ka yi tambayoyinka. Wataƙila a hanyar dawowa shi zai canza ra'ayi, wataƙila kai.

Kafin sunaye su fito akwai watanni a gabanka. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta yake a intanet, laccocinsa suna buɗuwa a waya, aikin mako na farko kuma kana iya yin sa a shagon kwamfuta na unguwa. In ka kai mako na uku ka rubuto mini inda ya tsaya maka. Ka gaishe da Baba.